Zuwa Bikin Marubuta Barkwanci: Yaushe Kwalliya Take Biyan Kuɗin Sabulu?

Wanda ya ga tallar bikin marubuta barkwanci a Landan ko Edinbara ko Austin, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne kuɗin tikiti. A yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye kuwa tikitin shi ne ƙaramin kaso na abin da zai fita daga aljihu. Masauki da jirgi da abinci, da kwanakin aikin da mutum zai bari a baya, su ne ke cinye kuɗin. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan tsada, wato ɗaukar cewa duk taron da aka liƙa wa kalmar barkwanci haja ɗaya yake sayarwa. Wani karatu yake sayarwa, wani ganawa da manyan sana'a, wani kuma 'yan kallon da za ka gwada rubutunka a kansu. Kowanne da irin marubucin da yake wa rana, kuma babu mai shirya bikin da zai gaya maka cewa hajarsa ba irin taka ba ce.

Karatun da ake biya a zauna a ji

Misalin taron karatu shi ne wanda Jami'ar Dayton da ke jihar Ohio a Amurka take shiryawa tun 2000, duk bayan shekara biyu, da sunan Erma Bombeck, marubuciyar raha a jaridu wadda ta yi karatu a jami'ar ta kuma rasu a 1996. A Birtaniya ma ana yin taruka na yini ɗaya ko biyu inda marubutan talabijin da rediyo ke zama a kan dandamali suna amsa tambayoyi.

Abin da ake koyarwa a irin wannan zama sananne ne, kuma gaskiya ne. Kalmar da ke tayar da dariya a ajiye ta a ƙarshen jimla, kada a bi ta da wata magana da za ta danne dariyar. Shimfiɗa, wato maganar da ke share fage kafin abin dariyar, ta zama gajera. Ɗan wasa ya kasance yana son wani abu matuƙa, halinsa kuma shi ne ke hana shi samu. Rubutun wasan rabin awa ya tsaya a wajen shafi 30, tunda shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Duk wannan yana da amfani. Matsalar ita ce duk yana nan a littattafai da hirarrakin da ake saurara kyauta a intanet, sau da yawa ma daga bakin mutanen da za su zauna a gabanka a bikin, suna maimaita labaran da suka saba bayarwa. Zaman minti 60 da mutum huɗu a kan dandamali, idan aka cire gabatarwa da tambayoyin ƙarshe, kowane mai jawabi bai fi minti goma ya yi magana ba. Tambayoyin ƙarshen kuma rabinsu mutane ne ke ba da tarihin kansu.

Karatu yana zama abin biya ne idan an karanta rubutunka. Ƙaramin aji na mutum takwas zuwa goma sha biyu, inda aka karɓi shafukanka tun kafin ranar, ko zaman da 'yan wasa za su karanta rubutunka da babbar murya kana saurare, wannan yana ba da abin da littafi ba ya bayarwa. Marubuci yakan gano a minti biyar cewa maganar da yake taƙama da ita ba ta faɗuwa a baki, ko cewa 'yan wasansa uku duk murya ɗaya gare su, wato muryarsa. Saboda haka tambayar da za a yi wa masu shirya biki kafin a biya ita ce: a cikin wannan jadawali, awa nawa ne wani zai kalli aikina? Idan amsar babu ce, to kuɗin zama cikin jama'a za ka biya.

Ganawa da masu saye

Wannan ce hajar da ake tallatawa da ƙarfi, kuma akwai dalilin da ya sa take da daraja. Kamfanonin shirya fim da talabijin a Amurka da Birtaniya galibi ba sa karanta rubutun da ba su nema ba. Suna tsoron shari'a: idan suka buɗe rubutunka yau, gobe suka fitar da shiri mai kama da shi, za ka ce sun sace. Don haka rubutu sai ta hannun wakilin marubuci, wakilin kuma ba ya ɗaukar wanda ba a riga an sani ba. Biki yana ɗan buɗe wannan ƙofa, domin furodusan da ya ce maka "turo mini in gani" ya mayar da rubutunka abin da aka nema.

Austin Film Festival da ke jihar Teksas, wanda aka fara a 1994 kuma ake yi a watan Oktoba, ya yi suna da wannan. An gina shi a kan marubuta, yana da taron kwana huɗu na musamman dominsu, da gasar rubutu mai rukunin barkwanci na fim da na talabijin, da gasar tallar labari inda ake ba mutum daƙiƙa 90 ya sayar da labarinsa a gaban alƙalai. Katin shiga hawa-hawa ne, kuma mafi tsadar shi ne ke buɗe liyafofin dare inda ake ainihin hira. Waɗanda suka saba zuwa sun san cewa rabin cinikin a harabar otal ɗin Driskill ake yinsa bayan an tashi daga zama.

Amma a duba yadda abin yake aiki. Wanda ya shiga gasar rubutun ya tsallake zagayen farko yana zuwa da shaida a katinsa, ana yi masa rangwame, ana kuma shirya wa irinsa zama na daban. Shi da wanda ya sayi tikiti kawai ba abu ɗaya suka saya ba, ko da ɗaki ɗaya suke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a fara biyan kuɗin gasa, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin jirgi, a jira sakamako, sannan a yanke shawarar tafiya.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi a takarda. Mu ɗauka tafiyar gaba ɗaya za ta ci fam 1,000, kuma jadawalin ya ba ka ganawa shida, kowacce minti biyar. Minti 30 ke nan, kowane minti ya tashi a kan sama da fam 33. Wanda ya shiga waɗannan mintoci da kammalallen rubutu, da taƙaitaccen labarinsa a jimla biyu da ya haddace, da labari na biyu a ajiye saboda tambayar da ba ta taɓa fashi, "me kuma kake da shi?", wannan zai iya cin riba. Wanda ya shiga da tunani kawai a ka ya yi asara ko da an yaba masa, domin yabon zai ƙare da "turo mini", shi kuma babu abin turawa. Kafin ya gama rubutun wata shida sun wuce, furodusan ya manta fuskarsa, wataƙila ma ya bar kamfanin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma bambancin kasuwa da ba kowa ke lura da shi ba. A Amurka an saba rubuta shirin barkwanci a ɗaki guda da marubuta da yawa, har yawan mutanen ɗakin ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ƙungiyar marubuta ta yi yajin aikin kwana 148 a kansa a 2023. Akwai matakin ƙasa da sabon shiga zai fara daga shi. A Birtaniya kuwa zango yakan zama kashi shida, mutum ɗaya ko biyu ne ke rubuta shi duka. Guraben koyo ba su da yawa, shi ya sa hanyar da aka saba bi a can ita ce rediyo. BBC ta daɗe tana da shirye-shiryen da ke karɓar gajerun rubuce-rubuce daga kowa, kamar Newsjack da aka yi daga 2009 zuwa 2021, kuma tana biyan wanda aka yi amfani da nasa. Sashen marubutanta yana buɗe ƙofar karɓar rubutu kyauta, inda masu tantancewa ke fara karanta shafi goma na farko su yanke hukunci ko za su ci gaba. Marubucin da bai taɓa gwada waɗannan ƙofofi na kyauta ba amma yana shirin sayen tikitin biki, ya riga malam masallaci.

Edinbara, inda kuɗi ke narkewa

Babban bikin da kowane mai sana'ar ban dariya a duniyar masu jin Ingilishi ke tunani a kansa shi ne Fringe na Edinbara a Sikotland. Ba taron marubuta ba ne a suna, amma nan ne ake gwada rubutun barkwanci fiye da ko'ina. Ya samo asali a 1947, lokacin da ƙungiyoyin wasa takwas da ba a gayyata ba suka zo gefen babban bikin birnin suka yi nasu. Har yau tsarin bai canja ba: babu kwamitin tantancewa, duk wanda ya sami ɗaki ya biya kuɗin rajista ya shiga. Ana yinsa a watan Agusta, sama da mako uku. A 2019 an yi wasanni sama da 3,800, an kuma fitar da tikiti sama da miliyan uku, barkwanci ne kaso mafi girma a ciki.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce daɗinsa, ita ce kuma tarkonsa. Tunda babu wanda ya gayyace ka, babu wanda zai biya ka. Kai ne furodusan kanka.

Ga yadda yarjejeniyar ɗaki take tafiya a manyan wurare irin su Pleasance, Assembly, Underbelly da Gilded Balloon. An saba raba kuɗin tikiti kashi 60 ga mai wasa, 40 ga mai ɗaki, amma da sharaɗin wani mafi ƙarancin kuɗi da mai ɗakin zai karɓa ko an shigo ko ba a shigo ba, kuma ana biyan wani ɓangare nasa tun kafin Agusta. Wannan sharaɗi shi ne ke karya mutane, domin ya ɗora duk haɗarin a kan mai wasa.

Mu yi misali da ƙiyasi. Ɗaki mai kujera 50, dare 25, tikiti fam 12. Da za a cika kullum, tikiti 1,250 ke nan, fam 15,000. Sabon shiga ba ya cika ɗaki. Mu ce ya sami kashi 40 cikin ɗari, wato mutum 20 kowane dare, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga wanda ba a sani ba. Tikiti 500. Amma ba duka aka sayar a kan fam 12 ba: akwai ranakun farko masu rangwame, akwai ranakun saya ɗaya a ba ka biyu, akwai na ɗalibai, akwai waɗanda aka raba kyauta ga 'yan jarida da don kada ɗaki ya zama fayau ranar da mai sharhi zai zo. A ce matsakaicin farashi ya sauko fam 9. An tara fam 4,500. Kason mai ɗaki fam 1,800 ne, amma idan sharaɗin nasa fam 2,400 ne, shi zai ɗauka. Saura fam 2,100, kuma ba a cire ladan ofishin sayar da tikiti da haraji ba.

A ɗaya gefen, rajistar shiga kundin biki ta daɗe tana tsakanin kusan fam 300 ga wanda ya yi da wuri da kusan 400 ga wanda ya makara. A ƙiyasta ɗakin kwana na wata guda a gidan haɗaka fam 1,800, fosta da takardun talla 700, mai kula da fitila da sauti fam 25 kowane dare wato 625, abinci 600, zirga-zirga 200. An haura fam 4,200. Idan aka ɗauki mai tallata mutum ga 'yan jarida, a ƙara wajen 2,000. Asarar ta kama daga fam dubu biyu da wani abu zuwa sama da dubu huɗu, a shekarar da abubuwa suka tafi daidai. Kuɗin tikitin kuma ba a biyan sa sai bayan biki da makonni, alhali duk kashe-kashen a gaba ake yinsu.

Masauki ne ya fi kowane abu tashi a 'yan shekarun nan. Birnin ƙarami ne, kuma a wata guda ake bukukuwa da yawa. Dokar lasisin hayar gidaje ta gajeren lokaci da Sikotland ta kawo ta ƙara matse kasuwar, sannan majalisar birnin ta amince da harajin baƙi na kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin kwana daga 24 ga Yulin 2026.

Saboda wannan tsada ne Peter Buckley Hill ya kafa Free Fringe a 1996. A tsarinsa mai wasa ba ya biyan kuɗin ɗaki, ɗan kallo ba ya sayen tikiti, mai mashayar da ya ba da ɗakin yana cin ribarsa daga abin sha, a ƙarshe kuma mai wasa ya tsaya a bakin ƙofa da bokiti. Wannan ya cire fam 2,400 ɗin can daga lissafi gaba ɗaya. Abin da ake rasawa shi ne ingancin ɗaki: hayaniya daga maƙwabtan ɗakuna, zafi, mutanen da suka shigo fakewa daga ruwan sama, da masu tashi a tsakiyar wasa tunda ba su biya komai ba. Duk da haka an daina yi wa tsarin kallon na marasa galihu. John Kearns ya ci babbar kyautar barkwanci ta Edinbara a 2014 daga ɗakin kyauta, Richard Gadd ma haka a 2016. Ga wanda ke zuwa karon farko, shawararmu ba ta da kwana-kwana: ɗakin kyauta, ko a haɗa awa guda da mutum biyu ko uku, kowa minti 20.

Haɗa awa yana da wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. Kyautar Edinbara, wadda aka fara a 1981 da sunan Perrier, tana da rukunin sabon shiga, kuma cikakken wasanka na farko mai tsawon minti 50 ko fiye shi ne kaɗai damarka a wannan rukuni. Wanda ya yi gaggawar kawo awa guda alhali minti 25 ne kawai masu kyau a ciki ya ƙona damar da ba ta dawowa. Shi ya sa za ka ga masu wayo suna tsayawa a minti 45 shekara ɗaya ko biyu kafin su fito da gaske.

To me ake saya da wannan asara? Maimaici. Dare 25 a jere, rubutu guda, mutane daban. Babu ajin da ke ba da wannan. Marubuci mai hankali yana naɗar sautin kowane dare, da safe ya saurara da biro a hannu, yana yi wa kowace gaɓa alama: an yi dariya sosai, an yi murmushi, an yi tsit. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a yanke magana saboda dare ɗaya, tunda ɗakin Talata mai mutum shida ba ya nuna komai. Amma wadda ta faɗi dare uku a jere a gyara shimfiɗarta, idan ta sake faɗuwa a cire ta. A nan ne kuma ake gano sanannen ramin da ke zuwa a wajen minti na 40 na wasa, inda hankalin 'yan kallo ke gajiya, dole rubutu ya sauya taki a wurin, ko da labari mai nauyi ko da dawo da wata magana daga farko.

Labaran nasara na gaskiya ne, amma a karanta su da kyau. Fleabag na Phoebe Waller-Bridge ya fara ne a matsayin wasan mutum ɗaya a Underbelly a 2013, ya zama shirin BBC a 2016. Baby Reindeer na Richard Gadd an yi shi a Edinbara a 2019 kafin Netflix ta fitar da shi a 2024. Dukansu biyu sun zo da shekarun aiki a bayansu da mutanen sana'a a kewaye da su. A kowace shekara kuma akwai dubban wasannin da babu mai tuna sunansu a watan Oktoba. Ita kanta Waller-Bridge, da ta zama shugabar girmamawa ta ƙungiyar Fringe, ta taimaka aka kafa asusun tallafi a 2023 wanda ya fara ba mutum 50 fam 2,000 kowanne. Samuwar asusun kanta ta nuna inda lissafin ya tsaya.

Zuwa kallo kawai

Wannan ne zaɓin da aka fi rainawa, kuma ga marubucin da ba ya hawa dandamali shi ne mafi riba. Kwana biyar, wasa huɗu a yini, wasa 20 ke nan. Goma na biya a kan kusan fam 12, goma na kyauta da fam biyar-biyar a bokiti, bai kai fam 200 ba. A kwana a Glasgow, wajen minti 50 ne a jirgin ƙasa, sai dai a kula da lokacin jirgin ƙarshe. A kalli masu kyau, a kuma kalli marasa kyau da gangan, domin wasan da ya lalace ya fi nuna inda ɗinkin yake. Sannan ga abin da ya fi duka: yawancin shirye-shiryen barkwanci ana gina su ne a kan ɗan wasa, kuma 'yan wasa da yawa suna buƙatar abokin rubutu. Wanda ke raba takardar tallarsa da hannunsa a kan titin Royal Mile yau ya fi sauƙin kusanta fiye da kowane furodusa, kuma shi ne za a kira ganawa nan da shekara uku. Gani ya kori ji.

Idan daga Kano ko Yamai za a tashi

Lissafin ya sake nauyi. Akwai jirgi, akwai canjin kuɗi, akwai biza. Fringe yana cikin bukukuwan da Birtaniya ta yarda mai wasa ya shigo da bizar ziyara ba sai da takardar izinin aiki ba, kuma ƙungiyar bikin tana ba waɗanda suka yi rajista wasiƙar da za su haɗa da takardunsu. Amma wasiƙa ba biza ba ce. Kuɗin bizar ziyara ta wata shida ya kai fam 127 a 2025, ba a mayar da shi idan an hana, kuma ba a nema sai saura wata uku a tafi, lokacin da tuni an biya rajista da kafin alƙalamin ɗaki. Ta Amurka dala 185 ce, dokokin shiga kuma sun tsananta tun 2025 ga ƙasashen Afirka da dama, har da Chadi da Sudan da aka rufe wa ƙofa a watan Yunin shekarar. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin a ga biza a fasfo.

Abin da ya fi biza wuya shi ne harshe. Raha ba ta tsallaka iyaka da sauƙi. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko taubasai, yana tayar da dariya ne saboda kowa a wurin ya san tarihin zolayar tun yana yaro. A gaban Baturen Edinbara sai an yi minti biyu ana bayani, bayani kuwa shi ne makashin dariya. Wanda ke rubutu da Hausa don masu jin Hausa, furodusan Landan ba shi da abin da zai saya a wurinsa, komai kyan aikin. Abin da zai ɗauko daga can tsari ne: yadda ake gina awa guda, yadda ake gwaji da gyara. Wannan kuwa tafiyar kallo ta wadatar, kuma kaso mai yawa nasa ana iya yinsa a gida da waya da masu sauraro ashirin a zaure. Masu aiki da Faransanci suna da kasuwa mafi kusa a Abidjan, inda Mamane, ɗan barkwancin nan ɗan Nijar da aka sani a RFI, ya kafa bikin Abidjan Capitale du Rire a 2015.

Abin da ke lalata tafiya

Sunayen manyan baƙi a fosta kusan kullum suna tare da ƙaramin rubutun da ke cewa jadawali na iya canjawa, kuma babban suna shi ne ya fi saurin janyewa idan aiki ya taso masa. Wanda ya sayi tikiti saboda mutum ɗaya ya yi cinikin biri a sama. A binciki kowane suna da ke jerin masu sauraron tallar labari: me ya shirya a shekara uku da suka wuce, barkwanci yake yi ko wani fanni, yana da ikon saye ko ƙaramin ma'aikaci ne aka turo, ko kuwa shi ma malami ne da ke neman ɗaliban da za su biya shi gyaran rubutu. Idan mutum biyar a jerin ba su dace da irin aikinka ba, bikin ba naka ba ne a bana.

Bikin kansa ma yana iya rushewa. An soke Fringe a 2020 saboda korona. Just for Laughs na Montreal a Kanada, wanda aka kafa tun 1983 kuma ake yi wa kallon babbar kasuwar barkwanci ta Arewacin Amurka, ya soke bikinsa na 2024 a watan Maris bayan kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Tikitin biki wataƙila a mayar, amma jirgi da otal ɗin da aka biya da farashin da ba ya komawa sun tafi. Bambancin farashin ɗakin da ake iya sokewa da wanda ba a iyawa shi ne inshora mafi araha a duk tafiyar.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan an dawo, inda yawancin kuɗin ke mutuwa a banza. Mutum ya dawo da katunan adireshi talatin da littafi cike da rubutu, ya huta mako biyu, zafin ya huce. Duk wanda ya ce a turo masa rubutu a tura masa cikin kwana uku zuwa bakwai, da gajeren saƙo mai tuna masa inda aka haɗu da abin da aka tattauna, rubutu ɗaya tak, wanda ya nema. Idan an aiko takardar yarjejeniyar karantawa a sa hannu, al'adar sana'ar ce, amma a karanta ta, kada ta ƙunshi miƙa haƙƙin mallaka. A ba shi mako shida zuwa takwas kafin a tuntuɓe shi sau ɗaya. Wakilin gaskiya kasonsa yake ɗauka daga abin da ya samo maka, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Duk wanda ya nemi ka biya shi kafin ya wakilce ka, a goge lambarsa.